Baƙon Dauro a Ƙasar Inna: Tarihin Ƙyanda, Iskoki da Allura a Iyakar Gobir

Gabatarwa

Bahaushe yana da wani tsohon ladabi game da abin da yake tsoro: ba ya kiran sunansa kai tsaye. Idan dare ya yi, maciji ya koma igiyar ƙasa. Idan kuwa yaro ya kwanta da zazzaɓi, idanunsa suka kaɗa suka yi ja, ƙuraje suka feso daga bayan kunne suka gangara har ƙafa, tsofaffi ba su cika cewa ƙyanda ba, sai su ce baƙon dauro ya sauka. A cikin wannan suna akwai tsarin jinya sukutum. Baƙo ba a korarsa, ba a ɗaga masa murya. Saukar da shi ake yi, a kiyaye abin da ba ya so, a jira ya kama hanyarsa, tunda an ce baƙo raɓa ne. Wanda ya tare shi a bakin ƙofa da tsinin allura, a wannan fahimta, faɗa ya tsokano wa gidan.

A shekarar 2018, binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu ya nuna cewa a jihar Sakkwato yara 5 kacal cikin 100, daga 'yan wata 12 zuwa 23, suka samu dukkan alluran rigakafi na farko, alhali a Anambra 76 ne. Babu jihar da ta yi ƙasa kamar Sakkwato. Idan haka lissafin yake a jihar baki ɗaya, har da birninta mai asibitin koyarwa, mai karatu sai ya ƙiyasta halin gabashinta, wato Sabon Birni da Isa, inda hanya ta yi nisa kuma daji ya yi zafi. Amsar da aka saba bayarwa kalma ɗaya ce: jahilci. Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Manufata a wannan maƙala ita ce in bi sawun yadda mutanen wannan yanki suka fahimci cuta tun zamanin Alƙalawa, in nuna gurbin da iskoki suka samu a wannan fahimta, sannan in auna nauyinsu na gaskiya a cikin ƙin allurar ƙyanda, kusa da nauyin sauran abubuwan da tarihi ya ɗora wa jama'a.

Ƙasa mai Inna uku

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa birnin Alƙalawa a bakin gulbin Rima, kusa da inda Sabon Birni yake a yau. Daga nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, a nan kuma mulkin Yunfa ya ƙare a 1808, lokacin da rundunar jihadi ta ci birnin. Gobirawa ba su miƙa wuya nan take ba. Sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Muhammadu Bello ya karya lagonsu, suka ja arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya gina Sabon Birni. Isa kuwa ta girma ne a matsayin ribaɗin daular Usmaniyya, kuma zuriyar Bello ce ke riƙe da sarautarta da laƙabin Sarkin Gobir. Ke nan garuruwan nan biyu, duk da kusancinsu, gado biyu suka ci: ɗaya na gidan Bawa, ɗaya na gidan Shehu.

A fadar Gobir, bayan sarki akwai Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar mata da 'yan bori, kuma sarautar tana nan da ranta a Tsibiri har yau. Sai dai kalmar tana da fuska uku. Inna uwa ce, wadda ta haifa ta goya. Inna basarakiya ce mai malfa da rawani. Inna kuma iska ce, wadda ake kira Doguwa, wadda ake jingina wa shanyewar ƙafa ko hannun yaro, har cutar ta samu sunanta na shan inna. A ƙasar da suna ɗaya ya haɗa mai shayarwa da mai mulki da mai shanyewa, maganar lafiyar yaro ba ta taɓa rabuwa da maganar iko ba. Tambayar wa ya kawo ciwon tana tafe da 'yar'uwarta: wa ke da hurumin taɓa shi?

Iska mai ma'ana biyu

Likitancin gargajiya na Hausa yana rarraba cuta bisa asalinta. Akwai wadda ta zo daga sanyi ko zafi ko abinci, akwai ta sammu da jifa, akwai ta maita, akwai ta iska. Kowace da mai ita: wanzami da ƙahonsa, boka da saiwarsa, malam da allonsa, 'yan bori da garayarsu. Ƙa'idar bori kuwa ita ce iskar da ta kwantar, ita ce ke tayarwa, don haka lallashinta ake yi da hadaya ko turare ko girka. Baturen nan Tremearne, wanda ya tattara bayanan bori a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya buga a 1914, ya ambaci wani rukuni na ƙananan iskoki da ake danganta wa agana da ƙuraje da ciwon ido, waɗanda ake kira 'Ya'yan Zanzana. Wannan ya nuna cewa cututtukan da ke feso wa yara a fata sun daɗe da samun masu su a duniyar ɓoye.

Ba kowa ne ke jingina ƙyanda ga aljani ba. Da yawa suna ɗaukar ta a matsayin zafi da ke cikin jiki wanda dole ya fita, kamar haƙori, abin da kowane ɗa sai ya ratsa kafin a ƙidaya shi cikin rayayyu. Amma ko a bakin waɗannan, za ka ji an ce iska ce ta kawo ta, kuma a nan harshe ya yi wata hikima. Iska ita ce mai kaɗawa, iska kuma ita ce aljana. Ƙwayar cutar ƙyanda da gaske a iska take tafiya. Takan daɗe har awa 2 a ɗakin da mai ita ya bari, kuma mutum ɗaya kan harbi 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya. Bayan ta shiga jiki, sai ta yi kwana 10 zuwa 14 kafin ta bayyana. Uwar da ɗanta ya kwanta yau ba za ta tuna gidan sunan da ta je mako biyu da suka wuce ba. Abin da za ta tuna shi ne jiya da rana tsaka ta ratsa gindin tsamiya da goyo, ko ta zubar da ruwan zafi da magariba ba ta yi bisimilla ba. Idon tsofaffi ya ga gaskiya: abu ne marar ganuwa, mai zuwa da rani, mai bin gida gida. Fassarar ce ta bi wata hanya.

Haka kuma tsoron nan na kada ƙyanda ta koma ciki. Saboda shi ake kulle yaro a ɗaki, a hana shi wanka, a yi masa hayaƙi, a ɗura masa jiƙo don ƙurajen su fito sosai, saboda shi kuma ake cewa ƙyanda ba ta son allura, kamar yadda ake faɗa game da shawara da ciwon daji. Wannan ma daga lura ya samo asali. Yawancin yaran da ƙyanda ke kashewa ba ƙurajen ne ke kashe su ba. Bayan fatar ta fara washewa ne ciwon huhu ko gudawa ke biyo baya, domin cutar tana rushe garkuwar jiki, har ta mantar da shi cututtukan da ya taɓa yaƙa. Tana kuma ƙone sinadarin bitamin A, sai ido ya bushe ya yi fari, yaro ya makance. A jikin da yunwa ta riga ta ci, takan buɗe ƙofa ga cutar noma mai cinye kunci da leɓe, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta tun 1999. Uwar da ta ga ƙuraje sun ɓace sannan numfashi ya sarƙe, me za ta ce in ba ta koma ciki ba? Abin baƙin ciki shi ne jinyar da aka gina a kan wannan tsoro, ta rufe ɗaki da rage abinci da jinkirta asibiti, ita ce ke ƙara wa baƙon ƙarfi.

Malfar Inna a kan jaji

Jagororin jihadi sun yaƙi bori da takobi da alƙalami. Shehu Usmanu, a Nurul Albab, ya yi tir da yanka ga itatuwa da duwatsu da duba. Amma ba su bar marar lafiya hannu rabbana ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan kan gyaran addini da jiki, Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai da dama kan magani. Gadon da suka ɗebo daga gare shi tsoho ne: Abubakar al-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, shi ne ya rubuta shahararriyar risalar da ta bambance agana da ƙyanda. A wannan gado ne ake karanta yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa masu tuhumarsa cewa guje wa cuta ma cikin ƙaddarar Allah yake. Saboda haka mai cewa Musulunci ne ya hana rigakafi bai karanta malaman ƙasarsa ba.

Wadda ta fi kowa fahimtar inda gizo ke saƙa ita ce Nana Asma'u. Bayan Gawakuke, matan Gobir masu yawa sun shigo gidajen Sakkwato da Wurno a matsayin ganima, kuma da borinsu suka zo. Asma'u ta gane cewa macen da ɗanta ke mashassara da tsakar dare ba wa'azi take nema ba, mai taimako take nema. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa dattijan mata jajoji, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar. Kayan naɗin da ta ba su, malfa da jan rawani, su ne alamomin Inna ta Gobir. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan, kan fa'idojin surorin Alƙur'ani wajen neman waraka da tsari. Ta ɗauki rigar da mata suka riga suka amince da ita, ta sanya wa sabon saƙo.

Sakamakon wannan gwagwarmaya bai zama gushewar iskoki ba. Sauya suna suka yi, suka zama aljanu, waɗanda Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsu. Laya da rubutun sha da tofi suka zauna kusa da dauri da hayaƙi, a zamaninmu kuma ruƙiyya da shagunan magungunan Musulunci suka ƙaru a kai. Jaririn wannan yanki, kafin ya cika wata 9 da ake yi masa allurar ƙyanda, an riga an ɗaura masa laya, an shayar da shi dauri, wanzami ya cire masa beli. A idon kakarsa, yaron a kafe yake. Ita kanta kalmar rigakafi daga nan ta fito: a riga a kafe, kamar yadda ake kafe gari ko gida da asiri kafin maƙiyi ya iso. Don haka mai allura ba ya shiga fili fetal. Yana shiga gidan da ke da nasa tsaron ne, yana kuma cewa, ko da bai furta ba, tsaronku bai isa ba.

Lamba da dogari

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, kuma cikin 'yan shekaru su da Faransawa suka ja layin da ya bar Tsibiri a wata ƙasa, Sabon Birni a wata. Rigakafin farko da talaka ya sani a hannunsu shi ne lambar agana. Ta hannun hakimi da dagaci ta zo, da dogari a gefe, wato ta hannun mutanen da ke ƙidayar kawuna don haraji da jangali da aikin tilas. Ruwan lambar na wancan zamani zafin rana yana kashe shi a hanya, sai a tsaga wa mutum damtse lambar ta ƙi kamawa, ko ta zama gyambo. Wanda ya ɓoye ɗansa a rumbu ranar da masu lamba suka iso yana da dalilin da ya wuce tsoron aljani. Na tashi na tarar da tabon lamba a damtsen dattawan garinmu, kuma a hirarsu ba a raba labarin tabon da labarin gudu.

Duk da haka, abin da ya faru daga 1967 ya isa darasi. A wannan shekara aka fara gangamin kawar da agana da daƙile ƙyanda a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka, da taimakon Amurka. An zo da busasshen ruwan lamba mai jure zafi, da bindigar allura da ake takawa da ƙafa, mai yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. Allurar ƙyanda kanta sabuwa ce a lokacin, don a 1963 aka amince da ita, bayan gwaje-gwajen da wasunsu aka yi a Ilesha. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya, a 1980 aka shelanta ƙarewarta a duniya. Cutar da ke da iskokinta na musamman, wadda ta cika ƙasa da makafi da masu zanzana, ta tafi ba ta dawo ba, kuma imani da iskoki bai hana jama'a miƙa hannu ba. Mutane suna iya yarda da aljani su kuma yarda da allura, muddin idonsu ya ga aikinta.

Ƙyanda kuwa ta dawo, kuma dawowarta ta yi wa sunan allura illa. Dalilin a lissafi yake. Saurin yaɗuwarta ya sa sai an kare kusan 95 cikin 100 na jama'a kafin a tare ta, ga shi kuma kullum ana haihuwar sababbin yara. Allura ɗaya a wata 9 tana kare kimanin 85 cikin 100 ne, shi ya sa aka ƙara ta biyu a wata 15. Ruwan yana buƙatar sanyi tun daga ma'ajiya har ƙauye, idan an haɗa shi kuma awa 6 ne wa'adinsa. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, firiji kuma babu wuta, an sha yi wa yara allurar da ta riga ta mutu. Ƙari a kan haka, wasu yaran kan yi zazzaɓi da 'yan ƙuraje mako guda bayan allura mai kyau, sannan akwai wasu cututtukan masu ƙuraje da jama'a ke haɗa su duka a kira ƙyanda. To, uwar da ta kai ɗanta aka yi masa, ya dawo ya yi zafi, ko bayan shekara ya kwanta da baƙon dauro, wane hukunci za ta yanke idan ba wanda ya yi mata bayani tun farko? Za ta ce allura ce ta kira baƙon, ko kuma ta ce ciwon ba na asibiti ba ne. Kowace allurar da ta lalace a hanya hujja ce da aka miƙa wa boka kyauta.

Macijin da ya yi sara

Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, rigakafin yara ya kai ƙololuwa, sannan ya ruguje tare da ƙananan asibitoci a shekarun da suka biyo baya. A 1996 sanƙarau ya yi wa Arewa mummunar ɓarna, ga ƙyanda da kwalara a lokaci guda. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, shari'ar kuma ba ta kai ga sulhu da gwamnatin Kano ba sai 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da aka shiga 2003, jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa ta tarar da kunnuwa a buɗe. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, da ruwan da aka sayo daga Indonesiya. Isa maƙwabciyar Shinkafi ce ta Zamfara, kasuwa ɗaya suke ci, magana kuwa ba ta neman izinin tsallaka iyakar jiha.

A nan tsohon imani da sabon zargi suka yi aure. Cutar da ake ɗigon dominta ita ce ta Inna, wadda tun asali ake ganin ba ta asibiti ba ce. Ga shi ana bin mutane har ɗaka da maganinta kyauta, sau da yawa a shekara, alhali mai zazzaɓin cizon sauro in ya je asibiti sai ya saya. Talakan da bai saba ganin gwamnati a ƙofarsa ba sai ranar karɓa, dole ya tambayi dalilin wannan alheri. Zargin bai tsaya kan ɗigo ba, ya shafi duk wata allurar yara. A watanni 3 na farkon 2005 an samu masu ƙyanda fiye da 20,000 a Nijeriya, kusan 600 suka mutu, mafi yawansu a Arewa.

Sai dai akwai wani abin lura da ke rushe zancen jahilci. A cikin ƙorafin iyaye na wancan lokaci har da cewa ƙyanda ce ke kashe musu yara, me ya sa ba ita ake bi gida gida ba? Hukuma ta ji. A Disambar 2005 aka yi babban gangamin allurar ƙyanda a jihohin Arewa, daga 2006 kuma aka riƙa haɗa ɗigon shan inna da allurar ƙyanda da bitamin A da wasu kayan amfani. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwa suka shiga aikin da kansu. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Sau biyu ke nan cikin shekara 50 ana karɓe wa iskoki cutar da aka ce tasu ce, kuma duk sau biyun da hannun mutanen da suka yarda da iskokin aka yi.

Ranar da hanya ta rufe

Wani bincike da aka buga a 2011 ya yi amfani da hotunan hasken dare daga tauraron ɗan'adam a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ya nuna cewa ƙyanda tana tashi ne daidai lokacin da 'yan cin rani suka cika birane bayan girbi, tana kuma lafawa idan damina ta mayar da su gona. Cunkoso ne abincinta. Abin da ya sami Sabon Birni da Isa a shekarun nan cin rani ne na dole wanda ba shi da damina. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga. A Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. Waɗanda suka rage sun taru a garuruwa, iyali goma a inda ɗaya ke kwana, gonaki sun zama kufai, yunwa ta kama yara. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Ginshiƙin da aikin rigakafi ya jingina da shi tun 2009, wato basaraken da jama'a ke jin maganarsa, shi kansa bai tsira ba.

A irin wannan hali ma'aikacin lafiya ba ya iya ɗaukar akwatin sanyi a babur ya ratsa daji. Wanda ya rage a ƙauye shi ne ungozoma da wanzami da malam da boka, domin su ba a yi musu canjin wurin aiki. Idan yaro ya kwanta, wurinsu za a je, da bayaninsu kuma za a fahimci abin da ya faru. Uwar da ta binne ɗanta tana buƙatar dalilin da zuciya za ta iya ɗauka, kuma cewa iska ce ta fi sauƙin haɗiya a kan cewa allurar da za ta cece shi tana can nesa a bayan shingen 'yan bindiga. Da yawa daga abin da takarda ke kira ƙin rigakafi rashinsa ne, imani da iska kuma ya zo daga baya ya lulluɓe ramin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Ba na musun cewa imani da iskoki yana hana wasu iyaye kai 'ya'yansu allura, yana kuma jinkirta kai marar lafiya asibiti har lokaci ya ƙure. Kakar da ta rantse cewa baƙon dauro ba ya son ƙarfe tana da iko a kan surukarta fiye da duk wata sanarwar rediyo, matar da ke cikin kulle kuma ba ta fita sai da yardar maigida. Abin da tarihin Gobir ya nuna mini shi ne ƙarfin wannan imani yana hawa da sauka. Yana ja baya idan allura ta zo da rai, a hannun wanda aka sani, tare da maganin ciwon da ke damun mutane. Yana dawowa idan ta zo da dogari, ko ta zo a mace, ko ta daina zuwa.

Saboda haka hanyar da nake gani ita ce wadda Nana Asma'u ta share. Ungozomar da ta yanke cibi da wanzamin da ke aski ranar suna sun fi kowa sanin gidan da aka haihu, su ya kamata su riƙa tuna wa iyaye wata 9 da wata 15. Malamin da ke rubuta laya ya san labarin Sayyidina Umar, a roƙe shi ya faɗe shi ranar raɗin suna. A gaya wa uwa gaskiya tun kafin a soka: ɗanki zai iya yin zafi bayan mako guda, allura ɗaya ba ta isa ba, ki dawo. A daidaita ranakun gangami da na Maraɗi, tunda Gobir ɗaya ce a wurin ƙwayar cuta ko da taswira ta ce biyu ce. A sama da duka, a buɗe hanya, domin babu jajin da za ta kai saƙo garin da ba a shiga. Kakannin mutanen Sabon Birni da Isa sun san cewa gari ba ya kafuwa da asirin gida ɗaya, sai an zagaye ganuwa duka an rufe kowace kafa. Lissafin masana na 95 cikin 100 maganar ke nan da wasu kalmomi, kuma magana ce da Bagobiri zai gane idan an faɗa masa ita da harshensa.